Ƙwallo da Mulki: Yadda Siyasa Take Juya Filin Wasa a Afirka

A watan Oktoban 2024, jirgin da ya ɗauko 'yan wasan Super Eagles ya kusa sauka a birnin Benghazi na ƙasar Libiya sai aka umarci matuƙinsa da ya karkata zuwa wani ƙaramin filin jirgi mai suna Al Abraq, mai nisan fiye da kilomita 200 daga inda za a buga wasan neman gurbin gasar cin kofin Afirka. A can aka bar su fiye da sa'o'i 15, babu abinci, babu motar da za ta kwashe su, babu kuma jami'in da ya zo tarbarsu. Hotunan da suka riƙa fitowa a daren sun nuna manyan 'yan wasan da ake biyan kuɗi a kalle su a Turai kwance a kan kujerun jira, wasu sun yi matashi da jakunkunansu, wasu sun lulluɓe fuska da riga. Kyaftin William Troost-Ekong ya sanar cewa ba za su buga wasan ba, suka juyo gida, daga baya hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, wato CAF, ta ba Najeriya maki uku da ƙwallaye uku, ta kuma ci Libiya tarar dala 50,000.

Mutane da yawa sun ɗauki abin a matsayin ramuwar gayya kawai, domin 'yan Libiya sun yi ƙorafi a kan irin tarbar da aka yi musu lokacin da suka zo wasan farko na Uyo. Akwai ƙamshin gaskiya a wannan, amma ruwa ba ya tsami banza. Libiya ƙasa ce mai gwamnatoci biyu, ɗaya a Tripoli wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita, ɗaya kuma a gabas inda dakarun Khalifa Haftar suke riƙe da iko, kuma Benghazi da Al Abraq duk a ɓangaren gabas suke. A irin wannan ƙasa, ko da jakada ya ɗaga waya, sai ya tsaya ya yi tunanin wa zai kira, kuma wa zai iya ba da umarnin da za a bi. Wasan neman gurbi ne na minti 90, amma sai da ya taɓo rikicin da ya faro tun faɗuwar Gaddafi a 2011.

Duk lokacin da irin wannan ta faru, sai a ji masu sharhi da shugabannin hukumomi suna maimaita cewa a raba wasa da siyasa. Wanda ya bi tarihin tamaula a wannan nahiya ya san cewa ba a taɓa raba su ba, domin ita kanta CAF cikin siyasa aka haife ta. Ƙasashe huɗu ne suka kafa ta a Khartoum a 1957, wato Masar, Sudan, Habasha da Afirka ta Kudu, amma uku ne suka buga gasar farko, saboda Afirka ta Kudu ta dage cewa ko dai ta turo tawagar fararen fata zalla ko ta baƙar fata zalla, sauran kuwa suka ƙi yarda. Shekara guda bayan haka, a 1958, wasu 'yan wasan Aljeriya da ke taka leda a Faransa, cikinsu har da Rachid Mekhloufi da Mustapha Zitouni, suka sulale suka bar ƙungiyoyinsu da albashinsu, suka nufi Tunisiya domin kafa tawagar masu fafutukar 'yanci, alhali ana gab da gasar cin kofin duniya wadda ake sa ran wasunsu za su buga wa Faransa. Tawagar ta yi ta yawo ƙasa-ƙasa tana ɗaga tutar ƙasar da ba ta samu 'yanci ba sai a 1962.

Gurbin da Afirka take taƙama da shi a gasar cin kofin duniya ma da ƙauracewa aka same shi. A gasar 1966 ta Ingila, FIFA ta ware gurbi ɗaya tak ga Afirka da Asiya da yankin Oshiniya gaba ɗaya, daga cikin gurabe 16. Ghana ta zamanin Kwame Nkrumah tana kan gaba wajen cewa wannan raini ne, ƙasashen Afirka suka janye daga wasannin neman gurbin baki ɗaya, kuma da aka zo gasar 1970 sai aka ba nahiyar gurbinta na kanta, Maroko ta ɗauka. Shekaru goma bayan waccan ƙauracewa, ɗan Najeriya Abraham Ordia, wanda yake shugabantar majalisar ƙoli ta wasannin Afirka, yana cikin waɗanda suka jagoranci janyewar fiye da ƙasashe 20 daga gasar Olamfik ta Montreal a 1976. Dalilin shi ne tawagar wasan zari-ruga ta New Zealand ta je rangadi Afirka ta Kudu a shekarar da aka harbe ɗalibai a Soweto, kuma aka ƙi hana New Zealand shiga gasar. 'Yan wasan Najeriya sun riga sun isa Kanada, sun yi shekaru suna shiri, aka ce su tattara kayansu su dawo. Hasara ce babba ga matasan da wasunsu ba su sake samun irin wannan dama ba har abada, amma hasara ce da aka san dalilinta, kuma ta haifar da yarjejeniyar Gleneagles ta 1977, inda ƙasashe renon Ingila suka amince su daina hulɗar wasanni da gwamnatin wariyar launin fata.

Na kawo wannan ne domin a kwatanta shi da abin da ya faru shekaru 20 bayan Montreal. Ranar 10 ga Nuwamban 1995 gwamnatin Janar Sani Abacha ta rataye Ken Saro-Wiwa da wasu 'yan Ogoni takwas, aka dakatar da Najeriya daga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila, Nelson Mandela kuma ya fito fili ya soki gwamnatin ya nemi a sa mata takunkumi. Gasar cin kofin nahiyar Afirka ta Janairun 1996 a Afirka ta Kudu za a yi ta, Najeriya ce kuma mai riƙe da kofin da ta ci a Tunisiya a 1994. Sai gwamnati ta hana tawagar zuwa, tana cewa ba ta da tabbacin tsaron lafiyar 'yan wasanta, ko da yake kowa ya san ainihin abin da ya haddasa fushin. An buga gasar da ƙasashe 15 maimakon 16, mai masaukin baƙi ta cinye kofin, CAF kuma ta haramta wa Najeriya shiga gasar 1998 ta Burkina Faso.

Tawagar da aka hana zuwa ita ce ta su Rashidi Yekini, Daniel Amokachi, Jay-Jay Okocha, Sunday Oliseh, Finidi George da Emmanuel Amuneke, wadda FIFA ta taɓa sa ta a matsayi na biyar a duniya a 1994. Da yawa daga cikinsu, tare da Nwankwo Kanu, su ne suka doke Brazil da ci 4 da 3, suka doke Ajantina da ci 3 da 2, suka ɗauki zinare a Atlanta a cikin wannan shekara ta 1996. Gasa biyu a jere suka rasa a lokacin da suke kan ganiyarsu, kuma Najeriya ba ta sake ɗaga kofin Afirka ba sai a 2013 ƙarƙashin Stephen Keshi, shekaru 19 bayan Tunisiya. A ganina bambancin 1976 da 1996 a fili yake: na farko sadaukarwa ce domin wata manufa da nahiyar ta haɗu a kanta, na biyu kuwa huce haushi ne na mai mulki, wanda 'yan wasa da 'yan kallo suka biya kuɗinsa.

Saboda irin wannan ne FIFA ta tsaurara dokarta da ke hana gwamnatoci yin katsalandan a harkokin hukumomin ƙwallo na ƙasashe. Dokar tana da amfani, kuma Najeriya ta ɗanɗana ta sau da dama. A 2010, bayan Super Eagles sun fita daga gasar cin kofin duniya tun a zagayen rukuni, Shugaba Goodluck Jonathan ya sanar da janye tawagar daga wasannin ƙasa da ƙasa na tsawon shekaru biyu, FIFA ta ba da wa'adi, cikin kwanaki kaɗan gwamnati ta janye maganarta. A Yulin 2014 kuma an dakatar da ƙasar na ɗan lokaci bayan wata kotu a Jos ta sauke shugabannin hukumar ƙwallo ta ƙasa. Kenya da Zimbabwe sun sha irin wannan dakatarwa a 2022.

Sai dai dokar tana da wata fuska da ba a cika magana a kanta ba. A mafi yawan ƙasashen Afirka gwamnati ce take gina filin wasa, ita take biyan kuɗin jirgi da masauki da alawus, sau da yawa ma ita take biyan albashin mai horarwa. Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, amma a nan hukuma tana karɓar kuɗin talakawa, idan an zo tambayar yadda aka kashe su sai ta ɗaga tutar 'yancin kai, ta ce a yi hattara kada FIFA ta dakatar da ƙasa. Ta haka dokar da aka yi domin kare wasa daga masu mulki takan zama garkuwar jami'an da ba sa son a duba littafinsu. Akwai kuma lokacin da aka yi amfani da ita ba tare da tausayi ba. A Janairun 2010 'yan bindigar da ke neman ɓallewar yankin Cabinda suka buɗe wa motar tawagar Togo wuta a kan hanyarta ta zuwa gasar Angola, suka kashe direba da mataimakin mai horarwa da jami'in yaɗa labarai, mai tsaron gida Kodjovi Obilalé kuma ya samu raunin da ya kawo ƙarshen wasansa. Gwamnatin Togo ta kira 'yan wasanta gida domin zaman makoki, CAF ta Issa Hayatou kuma ta kira wannan katsalandan, ta haramta wa ƙasar gasa biyu masu zuwa. An ɗage hukuncin bayan 'yan watanni, amma yanke shi tun farko abin kunya ne da bai kamata a manta da shi ba.

A matakin duniya ma ma'aunin ba ɗaya ba ne. Kwanaki huɗu kacal bayan Rasha ta kutsa Yukren a Fabrairun 2022 aka dakatar da ita daga gasannin FIFA da na Turai, bayan Poland da Sweden da Jamhuriyar Czech sun ce ba za su shiga fili da ita ba. A 2023 an ƙwace gasar matasa 'yan ƙasa da shekara 20 daga hannun Indonesiya saboda adawar da aka nuna a can ga zuwan tawagar Isra'ila, aka kai ta Ajantina. Da hukumar ƙwallon Falasɗinu ta nemi a 2024 a dakatar da Isra'ila saboda yaƙin Gaza, sai aka yi ta ɗage yanke hukunci daga wannan zama zuwa wancan. Mai kallo daga Afirka yana da hujjar ya yi tambaya ko doka ce take aiki ko kuwa nauyin waɗanda suka yi ƙorafi.

Ƙasar da ta fi kowa fahimtar wannan lissafi a nahiyar a yau ita ce Maroko, kuma ya dace a ɗan dakata a kanta. A 1984 ta fice daga Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka saboda an karɓi jamhuriyar Sahrawi da ƙungiyar Polisario ta ayyana a Yammacin Sahara, yankin da Maroko take cewa nata ne. Ta yi shekaru 33 a waje, sannan ta dawo Tarayyar Afirka a Janairun 2017, bayan Sarki Muhammad na Shida ya yi ta zagaya ƙasashen kudu da Sahara da bankuna da kamfanin takin zamani da yarjejeniyoyin kasuwanci. Ƙwallo tana cikin kayan da ya tafi da su. Shugaban hukumar ƙwallon ƙasar tun 2014, Fouzi Lekjaa, shi ne kuma ministan da ke kula da kasafin kuɗi tun 2021, yana kuma da kujera a majalisar gudanarwar FIFA. Wato mutumin da yake neman kuɗin gina filaye shi ne yake zaune a kan teburin raba kuɗin, kuma ban ji an kira wannan katsalandan ba.

Da CAF ta tsaurara sharuɗɗan filayen wasa, ƙasashe da dama suka wayi gari ba su da fili ko ɗaya da aka amince da shi. Maroko ta buɗe musu ƙofa. Nijar da Burkina Faso da wasu ƙasashe da yawa sun karɓi baƙuncin wasanninsu na gida a biranen Maroko, a filayen da babu magoya bayansu sai 'yan tsiraru. Hukumar ƙwallon Maroko ta ƙulla yarjejeniyoyin haɗin gwiwa da gomman takwarorinta na Afirka, tana ba su wurin atisaye da horar da alƙalan wasa da masu horarwa. Alheri ne na gaske wanda ya ceci ƙasashen daga rasa wasanninsu, amma CAF tana da mambobi 54, kowace da ƙuri'a ɗaya, kuma wanda ya ba ka masauki a ranar da ka rasa, da wuya ka juya masa baya ranar zaɓe. A Rabat aka zaɓi Patrice Motsepe shugaban CAF a Maris ɗin 2021 ba tare da hamayya ba, bayan sauran 'yan takara uku sun janye. Da aka ƙwace gasar cin kofin Afirka ta 2025 daga hannun Gini, Maroko aka ba. Bayan ta nemi ɗaukar nauyin gasar cin kofin duniya sau biyar tana faɗuwa, ta samu ta 2030 tare da Sifaniya da Fotugal. A daidai waɗannan shekaru ne kuma ƙasashen Afirka da dama, ciki har da Senegal da Gambiya da Gini da Burkina Faso, suka buɗe ƙananan ofisoshin jakadanci a Laayoune da Dakhla, biranen da ke cikin yankin da ake taƙaddama a kansa. Ba ƙwallo kaɗai ta jawo haka ba, amma igiya ce ɗaya daga cikin waɗanda aka ɗaure kayan da su.

Adalci ne a ce Maroko ba a ɗakin taro kaɗai ta yi aiki ba. Makarantar horar da matasa da aka gina kusa da Rabat ita ta fitar da Youssef En-Nesyri da Nayef Aguerd da Azzedine Ounahi, waɗanda suka kai ƙasar zagayen kusa da na ƙarshe a Qatar a 2022, matakin da babu ƙasar Afirka da ta taɓa kaiwa kafin nan. A 2025 kuma matasanta 'yan ƙasa da shekara 20 suka doke Ajantina suka ci kofin duniya a Chile.

Aljeriya, wadda take mara wa Polisario baya, ba ta zuba ido ba. Iyakar ƙasa tsakaninta da Maroko a rufe take tun 1994, ta yanke hulɗar jakadanci a Agustan 2021, ta kuma rufe sararin samaniyarta ga jiragen Maroko wata guda bayan haka. Saboda haka da aka zo gasar 'yan wasan cikin gida ta Afirka a Aljeriya a farkon 2023, Maroko mai riƙe da kofin ta ƙi zuwa, domin an hana jirginta tashi kai tsaye zuwa Constantine. A Afrilun 2024 rikicin ya sauko kan riga. Ƙungiyar RS Berkane ta Maroko ta isa Aljiyas domin wasan kusa da na ƙarshe na kofin Confederation na CAF da USM Alger, jami'an kwastam suka buɗe jakunkuna suka ga rigunan wasan suna ɗauke da ɗan ƙaramin taswirar Maroko wadda ta haɗe da Yammacin Sahara, suka riƙe su. Ba a buga wasan farko ba, ba a buga na biyu ba, CAF ta ba Berkane nasara a duka biyun. Daga baya kotun sauraron ƙararrakin wasanni ta duniya ta yanke cewa taswirar alama ce ta siyasa wadda ta saɓa wa ƙa'ida, amma a lokacin an riga an buga wasan ƙarshe, an kuma ba da kofi.

Najeriya tana tsaka-tsaki a wannan rikici ta wata hanya mai wuyar sha'ani, domin ta amince da jamhuriyar Sahrawi tun 1984, amma tun 2016 tana tattaunawa da Maroko a kan bututun iskar gas da zai bi gaɓar Afirka ta Yamma. Abin da ya fi damuna shi ne, ƙasar da ta taɓa jan ragamar siyasar wasanni a nahiyar yanzu ba ta da wata manufa da za a nuna a wannan fage. A zaɓen majalisar FIFA na Maris ɗin 2025 a Alƙahira, Lekjaa ne ya zo na ɗaya, Djibrilla Hima Hamidou na Nijar ya samu kujera, Amaju Pinnick na Najeriya kuma ya rasa tasa. Ƙasa mai mutane fiye da miliyan 200 ta daɗe tana dogaro da fili ɗaya, na Uyo, wajen karɓar manyan wasanninta, alhali filin Surulere da aka ci kofin 1980 a cikinsa ya yi shekaru a yashe, na Abuja da aka gina domin wasannin Afirka na 2003 kuma ana ta gyara ciyawarsa tana lalacewa.

A cikin gida ma siyasar ce take riƙe da wuyan gasar. Kano Pillars, Enyimba, Plateau United, Wikki Tourists, El-Kanemi Warriors, Katsina United da yawancin takwarorinsu mallakar gwamnatocin jihohi ne. Idan gwamna mai son ƙwallo ne sai ƙungiya ta bunƙasa, kamar yadda Enyimba ta ci kofin zakarun Afirka a 2003 da 2004 a zamanin Orji Uzor Kalu, kamar kuma yadda Pillars ta ci gasar ƙasa sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014. Idan aka canza gwamnati sai a rushe shugabannin ƙungiya a naɗa na hannun dama, kuɗin sa hannu da alawus su maƙale, ɗan wasan da ya yi tafiyar kwana guda a mota domin ya kare sunan jiha ya koma yana bin bashi. Abin da gwamnatoci suka fi ƙwarewa a kai shi ne kyauta bayan nasara. Da Super Falcons suka farke ƙwallaye biyu suka doke Maroko da ci 3 da 2 a Rabat a Yulin 2025, suka ɗauki kofin matan Afirka karo na goma, Shugaba Bola Tinubu ya yi wa kowace alƙawarin kwatankwacin dala 100,000 da gida da lambar girmamawa. Sun cancanci hakan ba tare da wata shakka ba, sai dai kyautar rana ɗaya ba ta gina makarantar da za ta fitar da waɗanda za su gaje su.

Watanni huɗu bayan haka, a Nuwamban 2025, Super Eagles suka sauka a wannan birni na Rabat domin wasannin cike gurbi na zuwa gasar cin kofin duniya ta 2026, waɗanda CAF ta ba Maroko ɗaukar nauyinsu duk da cewa ita ta riga ta samu gurbinta. Ana saura kwana biyu a kara da Gabon, 'yan wasan suka ƙi fita atisaye saboda bashin alawus da suke bi. An sasanta, sun doke Gabon, sannan suka faɗi a hannun Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo a bugun daga kai sai mai tsaron gida, Najeriya ta rasa gasar cin kofin duniya karo na biyu a jere, a gasar da aka ƙara wa Afirka gurabe daga biyar zuwa tara.